Allurar korona a Jigawa: Me ya rage a jinin waɗanda aka yi wa?

A shekarar 2022 sunan Jigawa ya sha fitowa a sahun gaba, kafaɗa da kafaɗa da Nasarawa, a jerin jihohin da Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Najeriya, NPHCDA, ta ce sun fi ƙoƙari wajen yi wa jama'arsu allurar riga-kafin cutar korona.

Wannan ba ƙaramin abin mamaki ba ne ga wanda ya san tarihin allurar riga-kafi a arewacin ƙasar.

A garuruwa irin su Kanya Babba da ke ƙaramar hukumar Babura, da kuma Kazaure da Roni da Gwiwa, dattawa ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara 200 a Kano a 1996 ba, inda 11 daga cikinsu suka rasu. Ba su kuma manta da ƙaurace wa allurar shan-inna da aka yi a 2003 ba, wadda Kano ba ta janye ba sai a watan Yulin 2004, bayan an samo maganin daga Indonesiya.

Duk da haka mutane sun miƙa damatsansu, an yi musu allura, an ba su kati.

To sai dai abin da hukuma ta ƙirga shi ne yawan alluran da aka yi. Abin da allurar ta haifar a cikin jinin mutum, da tsawon lokacin da ya ɗauka kafin ya fara raguwa, wani lissafi ne daban, kuma shi ne ke nuna ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Yadda cutar ta iso

Najeriya ta tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da cutar a Legas ranar 27 ga Fabrairun 2020. Kano ta samu nata ranar 11 ga Afrilu, kuma kafin watan ya ƙare masu haƙar kabari a birnin sun fara kokawa da yawan gawawwakin da ake kai musu.

Daga baya ministan lafiya na wancan lokaci, Dokta Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutuwar mutum 979, kuma mai yiwuwa kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na da nasaba da korona.

Abin da ya taɓa Kano kuwa ba ya daɗewa bai taɓa arewa maso yammacin Jigawa ba, domin hanyar Kazaure da ta Babura duk ta Ɗambatta suke bi su shiga birnin, kuma kullum cike suke da 'yan kasuwa da 'yan ci-rani da ɗalibai.

A cikin watan na Afrilu gwamnatin Muhammad Badaru Abubakar, wanda shi kansa ɗan Babura ne, ta sa dokar kulle a ƙaramar hukumar Kazaure bayan an samu mai ɗauke da cutar. An kuma samu cutar a jikin wasu daga cikin almajiran da aka mayar da su jihar daga Kano.

Amma a ƙarshe, adadin waɗanda aka tabbatar a hukumance sun kamu a faɗin Jigawa bai kai dubu ɗaya ba. A Najeriya baki ɗaya kuwa, alƙaluman hukumar NCDC sun tsaya a kusan mutum dubu 267, tare da mutuwar 3,155.

Waɗannan alƙaluma ne suka sa da yawa suka riƙa cewa cutar ta masu kuɗi ce da masu hawa jirgi. Jini ne ya zo ya ƙaryata wannan magana.

Abin da ake nema a cikin jini

Idan baƙuwar ƙwayar cuta ta shiga jikin ɗan Adam, wasu ƙwayoyin halitta da ke cikin jini kan ƙera sinadaran garkuwa, waɗanda likitoci ke kira antibodi. Kowane irinsu an ƙera shi ne daidai da wani sashe na ƙwayar cutar, kamar yadda ake yanka makulli daidai da kwaɗo.

Ƙwayar korona na da wasu ƙayoyi a bayanta, kuma da su take maƙalewa a jikin ƙwayoyin halittar hanci da maƙogwaro da huhu kafin ta kutsa ciki. Sinadarin garkuwar da ya rufe bakin ƙayar ya hana ta maƙalewa shi ne mafi daraja.

Alluran AstraZeneca da Moderna da Pfizer da Johnson & Johnson, waɗanda su ne aka yi amfani da su a Najeriya, dukkansu aiki guda suke yi ta hanyoyi daban-daban: suna sa jiki ya ƙera samfurin ƙayar kaɗai, ba tare da ƙwayar cutar ba, domin garkuwar jiki ta san ta tun kafin su haɗu.

A nan ne masu bincike suka samu wata dabara mai amfani. A cikin ƙwayar cutar akwai wani furotin da ake yi wa laƙabi da harafin N, wanda babu shi a cikin waɗannan allurai. Saboda haka duk wanda aka samu sinadarin garkuwa na N a jininsa, to cutar ce da kanta ta taɓa shigarsa, ko ya sani ko bai sani ba.

Binciken da hukumar NCDC da Cibiyar Binciken Lafiya ta Najeriya, NIMR, suka gudanar gida-gida a watan Oktoban 2020, tun kafin a fara allura, ya gano alamar cutar a jinin kusan kashi 23 cikin ɗari na mutanen Legas, da kashi 9 a Gombe.

A watan Afrilun 2022 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce mai yiwuwa kusan kashi 65 cikin ɗari na al'ummar Afirka sun riga sun kamu ya zuwa Satumban 2021, adadin da ya ninka wanda aka sanar a hukumance sau 97.

Ma'ana, da yawa daga cikin waɗanda suka hau layin allura sun riga sun yi cutar, sun sha maganin zazzaɓi ko na mura, sun warke sun koma gona.

Binciken Legas da Kumasi

Ɗaya daga cikin nazarce-nazarcen da aka fi dogaro da su kan yadda jikin mutanen Afirka ta Yamma ya karɓi allurar shi ne wanda Adam Abdullahi da Farfesa Ravindra Gupta na Jami'ar Cambridge da abokan aikinsu na Najeriya da Ghana suka wallafa a mujallar Nature Communications a 2022.

Sun bibiyi ma'aikatan lafiya 140 a Legas da wasu mutum 527 a Ghana, kafin a yi musu allurar AstraZeneca da kuma bayan an yi.

Tun kafin allurar farko, kashi 44 cikin ɗari na 'yan Najeriyar suna ɗauke da alamar N a jininsu. Da aka haɗa da waɗanda aka samu sinadarin garkuwa na bakin ƙaya, sai adadin ya kai kashi 59. A Ghana an samu kashi 28, wanda ya tashi zuwa 39.

Bayan allura biyu, waɗanda suka taɓa yin cutar sun fi sauran yawan sinadaran da ke iya tare ƙwayar, kuma nasu ya fi daɗewa. Waɗanda ba su taɓa kamuwa ba kuwa, nasu ya fara ja da baya cikin 'yan watanni. Daga cikin mutum 49 da aka ci gaba da bibiya, jinin takwas ya nuna sun kamu da cutar bayan an yi musu allurar.

Abin da za a iya fahimta daga nan shi ne allurar ta yi aiki a jikin baƙar fata kamar yadda ta yi a jikin Bature, saɓanin raɗe-raɗin da aka yi ta yaɗawa a wayoyin salula. Ga wanda ya taɓa yin cutar ma, allurar farko ta zame masa tamkar ta biyu.

Sai dai kuskure ne a ɗauki wannan a matsayin hujjar cewa gara mutum ya bari cutar ta kama shi. Waɗanda aka auna jininsu su ne waɗanda suka rayu. Dattawan da aka binne a Kano cikin azumin 2020 ba sa cikin lissafin.

Haka kuma ma'aikacin asibiti a Legas ba manomin gero ba ne a Kanya Babba. Abincinsu ba ɗaya ba ne, cututtukan da suke fama da su ba ɗaya ba ne, kuma hanyar da allura ta bi ta isa ga kowannensu ba ɗaya ba ce.

Darasin Zariya

Masana sun daɗe da sanin cewa allura ɗaya kan haifar da sakamako mabambanta a wurare mabambanta, kuma wani ɓangare na wannan ilimi a ƙasar Hausa aka samo shi.

A shekarun 1970 likita Brian Greenwood yana aiki a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, inda ya yi nazari kan sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro. A 1978 shi da abokin aikinsa Williamson suka wallafa a mujallar Lancet cewa yaran da aka yi wa allurar sanƙarau suna cikin zazzaɓin cizon sauro ba su samar da sinadaran garkuwa yadda ya kamata ba, kuma raunin ya ci gaba har wata guda bayan zazzaɓin.

Shekara talatin bayan haka, a 2008, wani nazari da ya fito a mujallar New England Journal of Medicine ya ƙiyasta cewa a Najeriya kowane ɗigo na maganin shan-inna mai nau'i uku yana kare kashi 16 cikin ɗari ne kacal na yara daga nau'in farko na cutar, yayin da mai nau'i ɗaya ke kare kashi 67.

Wannan na daga cikin dalilan da suka sa ma'aikata suka riƙa komawa gida ɗaya sau da yawa, abin da ya ƙara wa iyaye zargi, domin ba kasafai ake yi musu bayanin dalili ba.

Ba lallai ne abin da ya faru da allurar sanƙarau a jikin yara ya faru da ta korona a jikin manya ba. Amma a yankin da zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da gida guda daga Agusta zuwa Oktoba, kuma abinci ke ƙaranci a rumbu kafin kaka, tambaya ce da ta cancanci a yi ta.

Zazzaɓin ma har na'urar gwaji yakan ruɗa. Lokacin da aka gwada samfuran jinin 'yan Najeriya da aka ajiye tun 2018, wato kafin a san da korona a duniya, wasu na'urorin sun nuna wai akwai alamar cutar a cikin wasu daga ciki, kuma masu binciken sun danganta hakan da sinadaran garkuwa na zazzaɓin cizon sauro.

Shekaru ma na da tasiri. Ɗakin binciken Farfesa Gupta ya nuna a 2021 cewa tsofaffin da suka haura shekara 80 a Ingila sun samar da sinadaran garkuwa kaɗan bayan allurar farko, sai da ta biyu ta cike giɓin. Irin wannan rauni kan samu waɗanda cutar ƙanjamau ta ci ƙarfinsu, da masu shan magungunan da ke danne garkuwar jiki.

Tazara da sanyi

Kason farko na allurar, kusan miliyan 3.92 na AstraZeneca da aka sarrafa a Indiya, ya sauka Abuja ranar 2 ga Maris na 2021 a ƙarƙashin shirin COVAX. Kwana uku bayan haka aka yi wa Dokta Cyprian Ngong ta farko a Babban Asibitin Ƙasa, washegari kuma aka yi wa shugaba Muhammadu Buhari a gaban 'yan jarida.

Ba a yi wata guda ba Indiya ta taƙaita fitar da allurar saboda annobar ta yi mata ƙamari a gida. Hukumar NPHCDA, ƙarƙashin Dokta Faisal Shuaib, ta umurci jihohi da su dakatar da allurar farko da zarar sun cinye rabin kasonsu, domin a tanadar wa waɗanda aka fara yi wa ta biyu.

Abin sha'awa shi ne jinkiri tsakanin allura biyun bai zama asara ba. Alƙaluman Jami'ar Oxford sun nuna cewa idan tazarar ta kai mako 12, kariyar kan kai kusan kashi 81 cikin ɗari, idan kuma ba ta kai mako shida ba sai ta tsaya a kusan kashi 55, kuma sinadaran garkuwar masu doguwar tazara sun ninka na sauran fiye da sau biyu.

Matsalar tana ga wanda bai koma ba sam. Ɗan ci-ranin da aka yi wa ta farko a tashar mota a Kano, damina ta faɗi ya koma gida, ko matar da maigidanta ya amince sau ɗaya ya hana na biyu, duk suna cikin lissafin waɗanda aka yi wa allura, amma garkuwarsu rabi ce. Wannan ne ya sa allurar Johnson & Johnson, wadda sau ɗaya ake yi, ta fi dacewa da ƙauyuka masu wuyar shiga lokacin da ta fara isowa a watan Agustan 2021.

Sai batun sanyi. AstraZeneca na buƙatar a ajiye ta tsakanin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Selsiyas, Moderna a cikin ƙanƙara, Pfizer kuwa a farko sai sanyin da ya kai kusan digiri 70 ƙasa da sifili. A arewacin Jigawa zafin bazara kan haura digiri 40, wutar lantarki kuma sai a hankali. Daga firjin sola zuwa akwatin ƙanƙarar da ma'aikaci ke ɗaurawa a bayan babur, duk inda aka samu tangarɗa ƙarfin allurar na iya raguwa, kuma kati ba zai nuna haka ba.

A ranar 22 ga Disamban 2021 gwamnati ta lalata allurar AstraZeneca sama da miliyan ɗaya a wani juji a Abuja. Ƙasashe masu arziki ne suka bayar da ita kyauta lokacin da wa'adinta ya kusa cika.

Da Omicron ya zo

A ƙarshen Nuwamban 2021 masana a Afirka ta Kudu suka sanar da sabon nau'in cutar da aka sa wa suna Omicron. Ƙayarsa ta sauya kama a wurare sama da 30, ta yadda yawancin makullan da jiki ya yanka wa tsohon kwaɗo suka daina shiga.

Gwaje-gwaje a ƙasashe da dama sun nuna cewa jinin wanda aka yi wa AstraZeneca biyu kaɗai ba ya iya tare Omicron yadda ya tare nau'in farko. Allura ta uku, musamman idan an sauya kamfani, ta ɗaga adadin sinadaran sosai. Najeriya ta fara bayar da ta ukun a watan Disamban 2021, amma waɗanda suka karɓa ba su kai ko kusa da masu ta farko ba.

Masu adawa da allurar sun samu abin faɗa: ga wanda aka yi wa biyu, ga shi yana tari.

Amsar ita ce sinadaran garkuwa masu gadin ƙofa ne kawai, kuma raguwarsu bayan watanni ɗabi'ar jiki ce, ba alamar allura ta lalace ba. A bayansu akwai ƙwayoyin halitta masu riƙe kamannin cutar, waɗanda kan sake ƙera sinadaran cikin 'yan kwanaki idan ta dawo. Akwai kuma ƙwayoyin T, masu kashe sassan jikin da cutar ta riga ta shiga, kuma su Omicron bai iya ɓoye musu sosai ba.

Shi ya sa kariya daga kamuwa ta yi saurin zubewa, amma kariya daga kwanciya asibiti da mutuwa ta daɗe. Shi ya sa kuma hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta gargaɗi jama'a tun a watan Mayun 2021 da kada mutum ya dogara da gwajin jini don yanke wa kansa hukuncin ko yana da kariya ko ba shi da ita.

Inda hukumomi suka gaza shi ne bayani. An tallata allurar tamkar katanga ce da cuta ba za ta tsallaka ba, saboda haka da ta tsallaka sai aka ga kamar an yi wa jama'a ƙarya.

Kati da aikin Hajji

Ba kowa ne ya yi allurar don tsoron cuta ba. Daga 1 ga Disamban 2021 gwamnatin tarayya ta wajabta wa ma'aikatanta nuna shaidar allura ko ta gwaji kafin su shiga ofis.

Saudiyya kuma, bayan ta hana mahajjatan waje zuwa a 2020 da 2021, ta buɗe ƙofa ga mutum miliyan ɗaya a 2022 bisa sharaɗin kada su haura shekara 65 kuma a yi musu allura. Najeriya ta samu kujeru 43,008 a wannan shekara.

Da kati ya zama takardar izinin tafiya, sai masu sayar da na jabu suka bayyana, har hukumar NPHCDA ta riƙa gargaɗi a kansu. Wannan ma wani dalili ne da ya sa yawan kati a aljihu ba zai maye gurbin gwajin jini a matakin al'umma ba.

Bayan annoba

Hukumar WHO ta sanar da kawo ƙarshen matakin gaggawa kan korona ranar 5 ga Mayun 2023. A watan Mayun 2024 kamfanin AstraZeneca ya janye allurarsa daga kasuwa, yana mai cewa sababbin alluran da aka sabunta daidai da sababbin nau'o'in cutar sun wadata. Tun a 2021 hukumomin magunguna na Turai suka tabbatar da cewa allurar kan haddasa daskarewar jini ga wasu mutane ƙalilan ƙwarai, galibi cikin makonnin farko bayan an yi ta, ba bayan shekaru ba.

Ga mazaunin Kanya Babba ko Roni da aka yi wa allura a 2021 ko 2022, abin da ilimin garkuwar jiki ke nunawa shi ne sinadaran da allurar ta haifar sun ragu tuni, amma jikinsa bai manta da ƙwayar ba, kuma duk haɗuwar da ya sake yi da ita tuni ce ga garkuwarsa. Waɗanda har yanzu ke cikin haɗari su ne tsofaffi da masu ciwon suga da hawan jini da ciwon ƙoda.

Hankalin likitoci a yankin ya koma kan wata cutar da ita ma sinadaran garkuwa ne ke tare gubarta, wato mashaƙo. Ta ɓarke a Kano daga ƙarshen 2022, ta bazu zuwa jihohi maƙwabta har da Jigawa, kuma alƙaluman NCDC sun nuna yawancin waɗanda ta kama yara ne da ba a kammala musu alluran jarirai ba.

Allurar mashaƙo ba sabuwa ba ce. Tana cikin allurar cututtuka biyar da ake yi wa jariri kyauta a asibitin sha-ka-tafi, sau uku, yana da mako shida da mako goma da mako goma sha huɗu.